Ziyara A Sabo Ta Badun: Dukiyar Falke Bisa Taya Take Tafiya

Birnin Badun, hedkwatar Jihar Oyo, gari ne da ya bazu bisa tuddai har ido ba ya iya kai ƙarshensa. Wanda ya hau hasumiyar Bower, wadda aka gina cikin 1936 bisa tudun Oke Are, zai ga rufin kwano ja wur saboda tsatsa ya malale gabas da yamma kamar an shanya barkono, ga ɗakin taro na Mapo wanda aka gama cikin 1929 yana tsaye bisa nasa tudun, ga kuma dogon benen nan na Gidan Koko, wanda aka buɗe cikin 1965, ya yi wa sauran gidaje zarra. Mayaƙan Yarbawa ne suka kafa garin wajen 1829, ya zama musu sansani, daga baya ya zama cibiyar ciniki da ilmi. A nan aka buɗe kwalejin jami'a ta farko a Nijeriya cikin 1948, a nan kuma aka fara watsa shirin talabijin cikin 1959.

Amma Bahaushen da ya sauka Badun, komai tsawon benayenta, abin da zai fara tambaya shi ne hanyar Sabo. Unguwar tana dab da shataletalen Mokola, inda aka yi gadar sama cikin 2013, kusa da filin wasa na Adamasingba. Da zarar mutum ya karya kwana ya shiga cikinta, sai kunnensa ya huta. Sallama ce da Hausa, ciniki da Hausa, faɗa ma in ya tashi da Hausa ake yi. Ga 'yan canji zaune a bakin titi suna yafito duk motar da ta rage gudu, ga maɗinka suna aikin wuyan riga, ga masu hula da turare da tasbaha. In almuru ta yi kuwa, hayaƙin tukubar tsire ya turnuƙe, Yarbawa da sauran ƙabilu su yi ta tururuwa daga unguwanni masu nisa, gama tsiren Sabo ya yi suna a Badun duka.

ASALIN UNGUWAR

Cikin 1916 aka kafa Sabo. Kafin wannan lokaci Hausawa suna warwatse ne a cikin gari, suna sauka a gidajen Yarbawa, sai hukumar Turawa da sarakunan Badun suka keɓe musu wannan wuri, aka naɗa musu sarkinsu. Abin da ya tara su kuwa abu biyu ne, goro da shanu. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko cikin 1901, ya kai Kano cikin 1911. Goron da kakanninmu suke takawa har Gwanja su ɗauko bisa jakai, wata da watanni suna hanya, sai ga shi manoman ƙasar Yarbawa sun shiga shuka shi a wajen Shagamu da Ijebu da kewayen Badun. Shanu su gangaro kudu, goro ya hau arewa.

Wani masani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo cikin 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi kan unguwar cikin 1969. A lokacin mutanenta sun ɗara dubu huɗu kaɗan. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda fataucin nesa yake gudana ba banki, ba takardar lauya. Falke ya taso daga Kano ko Katsina ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba da kaya bashi, ya kuma ajiye masa kuɗinsa. Kome da kome bisa amana yake tafiya. Dalili kuwa, kayan ba masu jira ba ne. Sa in ya daɗe a hanya ramewa yake yi. Goro kuma, ko an ɗaure huhu da ganyen fita yadda ya kamata, in ya sha zafi ko ya daɗe ba a buɗe an zaɓe ba, sai ƙwaro ya shige shi, dukiya ta salwanta.

Yau al'amura sun sāke. Karar shanu tana wajen gari ta fuskar Akinyele, kayan abinci suna sauka a Bodija da Shasha, jirgin ƙasa na zamani da aka buɗe cikin 2021 ya tsaya ne a Moniya. Kusan dukan abin da yake tafiya tsakanin Badun da arewa bisa kwalta yake tafiya. Watau amanar nan da maigida da dillali da falke suka ƙulla, a ƙarshe bisa taya ake ɗora ta. Wurin da taya take taɓa ƙasa kuwa, a ƙaramar mota, bai fi tafin hannun mutum ba.

'YAR TIRELA

In an ce tirela, hankalin kowa yana tafiya ne ga manyan motocin nan masu tayoyi goma sha huɗu ko fiye, waɗanda suke yin jerin gwano a Ojoo. Amma akwai ƙanwarsu wadda ba a cika kula da ita ba, watau 'yar tirelar da ake ƙulla wa a bayan ƙaramar mota ko a-kori-kura. A Turai da Amurka akan ƙera ta kamar ɗaki, da gado da murhu, magidanci ya ja ta da iyalinsa su tafi hutu. A wurinmu aikin ƙarfi take yi. Ita ce mai ɗaukar janareto, da tankin ruwa, da rumfuna da kujerun biki, da manyan lasifikoki na wa'azi ko Maulidi, da injin kwaɓa siminti. Galibi kuwa mai walda ne yake haɗa ta, da ƙarfen tsohuwar mota da abin da ya samu.

Ita ce ƙanwar tirela, ita ce kuma yayar amalanke, sai dai haɗarinta ya fi na amalanke nesa ba kusa ba. Amalanke tafiyar ƙafa take yi, in tayarta ta fashe sai a tsaya a yi dariya. 'Yar tirela kuwa gudun motar da take janta take yi. In tayarta ta fashe ana cikin gudu, sai ta karkata, ta fizgi bayan motar, ta shiga yin lilo hagu da dama, kafin direba ya farga sitiyari ya ƙwace masa. Yawancin irin waɗannan ba su da birkin kansu. Duk da haka in ka duba ƙarƙashinsu, tayar da aka cire wa mota don ta suɗe ita za ka gani, wai ai ba inji gare ta ba, ja kawai ake yi.

Na zaga rumfunan masu faci na gefen Sabo da Mokola, na kuma leƙa kasuwar kayan mota ta Agodi Gate, inda ake jibge tayoyi kamar dala. Abin da na lura da shi shi ne, mai saye yakan tambayi abu biyu kaɗai, lambar rim da farashi. Ya buga tayar da ƙafa, ya shafa zanenta, a yi ciniki. Alhali kuwa kowace taya tana ɗauke da bayaninta a rubuce a jikinta, ga wanda ya iya karantawa.

ABIN DA KE RUBUCE A GEFEN TAYA

Bari mu ɗauki misali da tayar ƙaramar mota wadda aka rubuta wa 175/70R13 82T. Lambar farko, 175, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 70, tana nufin tsawon gefen tayar kashi 70 ne cikin ɗari na faɗinta. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta. Lamba 13 girman rim ne da inci. Waɗannan kusan kowane direba ya san su. Amma biyun ƙarshe, waɗanda ba a cika dubawa ba, su ne ran maganar.

Lamba 82 alama ce ta nauyin da tayar za ta iya ɗauka, kuma ba kilo 82 ake nufi ba. Akwai jadawali da masu ƙera taya na duniya suka yarda da shi. A cikinsa 82 tana nufin kilo 475, 88 kilo 560, 90 kilo 600, 100 kilo 800, 106 kuma kilo 950. Harafin ƙarshe na gudu ne: L kilomita 120 cikin awa, M 130, N 140, T 190, H kuma 210. Wannan iyakar abin da tayar za ta jure ne tana da lafiya, da iska cikakkiya, ba izinin gudu ba ne.

In ka ga harafin C bayan lambar rim, kamar 155R13C ko 195R14C, to, tayar motar kaya ce, irin wadda ake sa wa bas da a-kori-kura. Gefenta ya fi kauri, tana kuma karɓar iska fiye da ta ƙaramar mota. Sau da yawa za ka ga lambar nauyi biyu a jikinta, kamar 106/104. Ta farko ita ce in taya ɗaya ce a kowane gefe, ta biyu kuma in an jera biyu a gefe guda. Akwai kuma tayoyin da Amurkawa suke yi musamman don tirela, waɗanda lambarsu take farawa da ST. Su ma gefensu mai tauri ne don rage lilo. A al'ada gudunsu ba ya wuce mil 65, watau kimanin kilomita 105 cikin awa, sai in an rubuta wani harafin gudu a jikinsu. Ba a sa su a ƙafar mota, na tirela ne kawai. Da yake ba su cika yawa a kasuwanninmu ba, mai harafin C ita ce mafi sauƙin samu ga mai 'yar tirela.

Me ya sa tayar ƙaramar mota ba ta dace sosai ba? Domin an yi gefenta da laushi ne, don ta shanye gargada fasinja ya ji daɗi. Laushin nan da yake alheri ga fasinja shi ne sharri ga tirela, gama shi yake ba ta damar yin rawa a bayan mota. Saboda haka ƙa'idar masu taya ita ce, in dole ta sa an sa wa tirela tayar ƙaramar mota, sai a raba nauyin da aka rubuta mata da 1.1, watau a rage kimanin kashi ɗaya cikin goma.

LISSAFIN LODI

Ga yadda lissafin yake. A ce 'yar tirela mai taya biyu nauyinta kilo 300 ne ba kaya. Aka ɗora mata janareto da sauran tarkace na kilo 700. Jimla kilo 1,000 ke nan. Gaskiya ne wani abu daga cikin nauyin yana sauka bisa maƙullin da ke bayan mota, amma mai hankali zai lissafa duka a kan tayoyi, don ya bar wa kansa rara. Kowace taya ta tashi da kilo 500.

In an sa mata tayar nan mai lamba 82, kilo 475 in an raba da 1.1 ya koma wajen 432. Biyu sun ba da 864. An yi lodin da ya wuce ƙarfinsu da kilo 136 tun ba a tashi ba. In kuwa aka sa 155R13C mai lamba 90, kowace tana ɗaukar 600, biyu 1,200, an sami rarar kilo 200. Rim ɗaya ne, girma kusan ɗaya ne a ido, amma ɗaya za ta kai ka Ilori ta dawo, ɗayar kuwa sai abin da Allah Ya yi.

Mai tankin ruwa ya riƙa tunawa lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 1,000 tan guda ne cur, ban da nauyin tankin da na tirelar. Mai siminti kuma ya san buhu kilo 50 ne, goma sha huɗu sun cika 700. Daɗin daɗawa, yadda aka jera kayan yana da muhimmanci kamar nauyinsu. Ana so mafi nauyi ya zauna ƙasa, a ɗan gaban ƙafafun tirelar, yadda kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyin duka zai danna maƙulli. In nauyi ya koma baya, sai gaban tirelar ya ɗaga bayan mota, lilo ya fara. In kuma ya karkata gefe guda, taya ɗaya ce za ta ɗauki wahalar biyu.

Akwai kuma maganar girman ƙafa. Waɗansu sukan sa ƙananan ƙafafu irin na inci 8, don tirelar ta yi ƙasa, lodi ya yi sauƙi. Amma taya mai inci 13 irin wadda muka ambata tana juyawa kimanin sau 550 cikin kilomita ɗaya, mai inci 8 kuwa kusan sau 780. Yawan juyawa yawan zafi ne, ga roba ga kuma boris. Ƙaramar ƙafa kuma ta fi faɗawa rami. Don yawon cikin gari ba laifi, amma wanda zai kama hanyar arewa ya nemi inci 13 ko 14. In ma ya sami rim irin na motar da take ja, ya huta, gama safaya ɗaya za ta iya fid da shi a wurin larura.

Abu na ƙarshe a wannan babi shi ne saƙa. Tun da wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop ya yi tayar iska a Belfast cikin 1888, saƙar cikin taya a gicciye ake yinta, har kamfanin Michelin na Faransa ya fito da sabuwar saƙa cikin 1946, wadda zarenta yake tafiya kai tsaye daga baki zuwa baki, da ɗamarar waya a ƙarƙashin zane. Ita ce mai harafin R. Ta fi sanyi a doguwar tafiya, ta kuma fi daɗewa. Mai tsohuwar saƙa ta fi taurin gefe, tana jure hanyar ƙauye, amma ta fi ɗaukar zafi a kan kwalta. Ko wacce mutum ya zaɓa, kada ya haɗa iri biyu, wannan dama wannan hagu, domin ba sa lanƙwasa daidai. Tayoyin tirela su zama iri ɗaya, girma ɗaya, lambar nauyi ɗaya.

TAYA MA TANA TSUFA

Da can Nijeriya tana ƙera tayarta. Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja. Na farko ya rufe cikin 2007, na biyu ya bi shi cikin 2008. Tun daga nan kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya, tare da tsofaffin tayoyin da Yarbawa suke kira tokumbo, ko da yake suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su, in ban da manyan tayoyin da ake kawowa don a sabunta zanensu. Talauci ne yake tura mutane gare su, ba wanda zai musa wannan. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Rana da iska suna busar da ita, ta yi tauri, ta tsattsage. Kowace taya tana da ranar haihuwarta a jikinta. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi layin zuwa ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta ne cikin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, to, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ba ta da sauran amfani sai a yanka takalmi ko guga. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana gargaɗin direbobi kada su yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Abin sha'awa kuwa, a nan Jihar Oyo aka fara gwada irin wannan runduna ta kiyaye haɗurra, tun cikin shekarun 1970.

Wannan magana ta fi shafar mai 'yar tirela, domin tirela ta fi zama fiye da tafiya. Sai ta yi wata uku a jingine a bayan gida, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta, nauyi yana danne wuri guda. Zanenta yana nan raɗau kamar sabo, mai ita yana ganin tana da sauran rai, alhali cikinta ya mutu. Tayar mota suɗewa take kashe ta, tayar tirela kuwa shekaru. Wanda zai ajiye tasa ya sauke mata kaya, ya ɗaga ta bisa katako ko bulo, ya rufe tayoyin da buhu.

A cikin tokumbo akwai wani tarko kuma. Waɗansu tayoyin an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara. Alamarsu hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, zanensu kuma yana da ƙananan tsagu da yawa. Robarsu mai laushi ce don kada ta daskare cikin sanyi. Zanen yana da zurfi, yana ruɗin mai saye, amma a kwaltarmu mai zafi nan da nan take cinyewa. Haka nan a guji tayar da ta yi ƙulli a gefe, gama zarenta ya tsinke a ciki, da wadda aka yi wa faci a gefe, da wadda aka sake tsaga wa zane da wuƙa. Zane kuma in zurfinsa ya gaza milimita 1.6, an gama da ita. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da aka yi don wannan, in sun yi daidai da saman taya lokaci ya yi.

HANYAR AREWA

Wanda ya tashi daga Sabo zai bi ta Mokola ya wuce Sango, ya gifta ƙofar jami'a, ya fita ta Ojoo. Daga nan sai Moniya, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ya ƙetare Kwara a Jebba, ya kai Mokwa. Daga can ya nufi Tegina, in Kano ce ya bi ta Kaduna da Zariya, in Sakkwato ce ya karkata ta Kwantagora. Fiye da kilomita 800 ne zuwa Kano, kuma ƙasa biyu ce taya za ta taka. A kudu ruwan sama ne, wanda yakan fara tun wajen Maris ya kai Oktoba. Mutanen Badun sun san ƙarfinsa, gama ba su manta da ambaliyar rafin Ogunpa ta 1980 da ta 2011 ba. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta aikin zane shi ne korar ruwa daga ƙarƙashin taya, wadda ta suɗe kuwa bisa ruwan take shawagi, ba birki ba sitiyari. A arewa kuma, cikin bazara, zafi yakan kai awo 40, kwalta ta fi haka.

Zafi shi ne babban abokin gabar taya, kuma abu uku suke haifar da shi: ƙarancin iska, yawan lodi, da gudu. Ba roba ce take ɗaukar kaya ba, iskar da ke ciki ce. Nauyin nan da aka rubuta a gefen taya ba ya tabbata sai an ba ta iskar da aka rubuta kusa da shi. In iska ta gaza, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da ake lanƙwasawa a hannu har ta yi zafi ta karye. Haka roba take rabuwa da zarenta, sai a ji fashewa kamar harbin bindiga.

Don haka a auna iska da safe kafin a tashi, taya tana da sanyi, kuma da ma'auni, ba da bugun ƙarfe ko ƙafa ba. Akwai wata al'ada ta waɗansu direbobi, in sun tsaya a hanya suka ga iska ta hau sai su rage. Wannan kuskure ne. Hawan iska cikin tafiya abu ne da masu ƙera taya suka riga suka lissafa. Wanda ya rage, ya ƙara wa tayar lanƙwasa ne, zafin da yake gudu ya ninka. Abin yi shi ne a tsaya a inuwa a bar ta ta huce. A kowane zango kuma a taɓa tayoyin da cibiyar ƙafa da bayan hannu. In gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi, ko boris ya rasa giris, ko iska tana zurarewa. A duba notocin ƙafa bayan tafiyar farko ta kilomita hamsin. A riƙe safaya mai iska, da jak da sifana da suka dace da tirelar, domin na mota ba kullum suke shiga ba.

Game da gudu, dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa manyan tireloli da tankoki kilomita 60 cikin awa a babbar hanya mai tagwaye. Mai jan 'yar tirela ba zai yi asara ba in ya ɗauki darasi daga nan. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

AMANA

Dattawan Sabo na zamanin da ba su san lambar DOT ba, amma sun san ba a ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, sun san madugu yakan duba kofaton dabbobinsa kafin ayari ya tashi daga zango. Ilmin ɗaya ne, dabbar ce ta sāke. Mai 'yar tirela da ya sayi taya mai arha ya ɗora mata tan guda, ba dukiyarsa kaɗai ya sa a caca ba. Akwai yaron motarsa, akwai ɗan acaɓan da yake biye da shi, akwai bas ɗin fasinja da take tahowa daga ɗaya hannun, waɗanda ba a shawarce su ba ranar da ake ciniki a Agodi Gate.

Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin direbobi na Sabo da Ojoo da Shasha, da malamai masu wa'azi, su riƙa tunatar da jama'a wannan. Masu faci kuma, waɗanda taya take bi ta hannunsu kullum, in sun koyi karanta lambobin nan suka koya wa masu zuwa wurinsu, rayukan da za su ceta Allah kaɗai Ya san yawansu. Tawakkali gaskiya ne, amma an hore mu da mu ɗaure raƙumi tukuna. Unguwar da ta yi fiye da shekara ɗari tana cin abinci da riƙon amana, ita ta fi cancanta ta zama abin koyi a wannan fanni.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu na kudu da arewa, Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya ƙara wa Sabo da masu masaukinta zaman lafiya da arziki, amin.